Abin Da Ba A Shanyawa

Shekara talatin da huɗu na yi ina tsaron siton hatsi, shi ya sa har yau ba mai kirana da wani suna sai Mai-Sito. In ka tambaye ni babban maƙiyin hatsi, ba zan ce ɓera ba, ba zan ce gara ba. Danshi zan ce. Ɓera yakan ci ya bar maka saura, har ya bar maka kashinsa shaida. Danshi kuwa shiru yake shiga, sai ranar da ka kwance bakin buhu wari ya gaishe ka. Saboda haka duk abin da hannuna ya taɓa na ji da laima, rana zai gani. Innar yara takan ce da ana shanya mutum, da tuni na baza ta a kan kwano ina juyawa.

Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don a san irin hannun da Auta ta damƙa wa amanarta.

Auta ita ce ƙarama cikin 'ya'yanmu shida, ita kaɗai ce kuma ta ɗauko halina na tsayawa kallon abin da bai shafe ni ba. Ina da wata kanta a ɗaki da nake tara abubuwa: dutse mai huji a tsakiya, saɓar maciji da ba ta yage ko'ina ba, da wani ƙwan kaza da ya fito dogo kamar ɗan yatsa. 'Yan'uwanta tarkace suke ce musu. Ita kuwa tun ba ta kai tsawon kantar ba take taka kujera tana tambayata labarin kowanne. Ni daga aji huɗu aka cire ni. Ita ta yi ta karatu har sai da malaman suka ce babu saura, sannan ta kama aiki a wata ma'aikatar binciken noma, tafiyar rabin yini daga gidanmu.

Shekara uku ta yi tana bin jeji da bakin hanya a lokacin da komai ya bushe, tana neman ciyawar da ta ƙi bushewa. In ta samu sai ta tono ta, ta karkaɗe ƙasar da ke manne da saiwar a cikin kwalba. Ta ce a ƙasar da za ka ɗiba a cokali ɗaya akwai masu rai da yawansu ya wuce lissafi, ido ba ya ganinsu. Bakteriya take ce musu. Na ce ai na taɓa jin sunan a asibiti, ba su ne ke sa ciwo ba?

"Kamar mutane ne, Baba," in ji ta. "Akwai ɓarayi, akwai maƙwabtan kirki."

Tun daga ranar muke ce musu mutanen Auta.

Na kirkin a jikin saiwa suke zama. Shuka tana tsotsa musu ɗan zaƙi daga jikinta, su kuma suna rama alheri. Suna sa saiwa ta zurfafa ta yi gashi, har ta kai inda ragowar laima ta ɓuya. Suna yin wani yauƙi da ke riƙe ruwa a gefenta. Wasu ma in fari ya zo, shuka ta firgita tana shirin sakin ganye, sai su kwantar mata da hankali ta daure har ruwa ya dawo. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai. Kwana biyu na yi ina tunanin wani ɗan mitsitsin abu da ko inuwa ba shi da ita, wai shi ne yake rarrashin masara.

Iri goma sha ɗaya na mutanen nan ta tara a kwalabe cikin firjin ma'aikatarsu. A shukar tukwane sun yi abin mamaki. Amma Farfesan da ke sama da ita ya ce tukunya ba gona ba ce. A gwada a gonar gaske damina ɗaya. In an ga bambanci a ci gaba, in ba a gani ba a rufe maganar, a ba wani gurbin firjin, ita kuma ta koma sashen awon iri. Maƙwabcinmu Dogo ya yarda a yi gwajin a gonarsa, don ya ce gonar ta sha magunguna iri-iri, saura na aljanu.

Ta zaɓi iri uku mafi ƙarfi ta haɗa su a cikin wani baƙin gari kamar na gawayi, ta ɗaure a leda. Ta kawo ledar gida tun kafin ruwan shuka, don kada ruwa ya sauka a tsaya jiran hanya. Muna zaune a baranda ta ajiye ta tsakaninmu ta fara yi mini bayani. A daidai lokacin ne wani zanzaro ya shigo ɗauke da koriyar tsutsa da ta fi shi girma, yana ta faman cusa ta a ɗan ɗakinsa na laka a saman taga. Ya tura ta kai, ta ƙi. Ya juya ta ta baya, ta ƙi. Ya ajiye ta ya shiga ya faɗaɗa ƙofa.

"Baba, ka ji ko?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Kin ce a kula da su."

Ta yi dariya ta girgiza kai. Ta ɗauki ledar da kanta ta kai bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi, ta kama hanya.

Kwana uku bayan haka Inna ta tafi duba babbar 'yarmu da ta haihu, gida ya zama daga ni sai kaji. Ina da wani gilashi mai ƙara girman abu, wanda na cire daga tsohuwar fitilar hannu. Na ce bari dai in leƙa baƙin nan da ke kwana a gidana ba mu gaisa ba. Na kwance ledar. Na ɗiba a tafin hannu na kai bakin ƙofa, na yi ta kallo har idona ya yi ruwa. Ban ga kowa ba sai baƙin gari. Duk da haka na ji ba zan iya rasa su a kantata ba, sai na ɗebi cokali biyu a gwangwanin madara na rufe. Kantar ta cika, don haka na tura gwangwanin ƙarƙashin randa, da niyyar in sama masa wuri daga baya.

A lokacin ne na lura da tafin hannuna. Ya yi sanyi. Na tura yatsu cikin ledar, na ji laima har ƙasa. Na sansana, na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwa. Na ce yarinyar nan duk karatunta ba ta san ba a ɗaure abu da danshi a leda ba? Kafin ruwa ya sauka ai ya yi funfuna. Na ma ji daɗi, wallahi. Na ce ga inda tsoho zai yi wa mai digiri rana.

Na jawo fallen kwano tsakar gida na share shi tas. Na baza garin siriri-siriri yadda rana za ta ratsa. Yini biyu na yi ina gadinsa, ina korar kaji, ina juyawa da ɗan katako duk bayan awa. Kwanon ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Da yammacin rana ta biyu garin ya bushe ƙayau, yana tashi in ka hura. Na mayar da shi leda na ɗaure, na ajiye a bayan randa, na yi wa kaina sannu da aiki.

Inna ta dawo. Kunnenta ya soma nauyi, don haka in ana kiranta a waya sai ta buɗe murya kowa ya ji. Muna zaune bayan la'asar Auta ta kira.

"Inna, ledar nan tana bayan randa ko? Don Allah ko hasken taga kar ya same ta. Na gaya wa Baba, amma kin san shi. Laimar nan ita ce ransu. Awa ɗaya a rana, an yi musu jana'iza ke nan."

Inna ta juyo. "Malam, tana nan ko?"

"Tana nan," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Tana nan ɗin. Abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan wata uku.

Shanyawar nan kuskure ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Da a nan na tsaya na karɓi wayar na ce Auta ga abin da na yi, da ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haɗa wani garin cikin sati biyu. Amma abin da na yi washegari da sanina na yi shi. Na jira Inna ta shiga wanka, na kwance ledar, na tsoma yatsu a ruwan randa ina yayyafawa kamar mai guga, ina cakuɗawa, har laimar ta dawo yadda na same ta. Ina yi ina tuna gaiwa, kifin nan da ke shiga laka ya bushe tare da ita, ruwa na zuwa ya farka. Na tuna kwaɗi da ke ɓacewa duk rani. Na ce wa ya sani, ƙila mutanen Auta ma barci suka yi. Mutum in yana son ya yaudari kansa, dabbobin duniya kaf sai su zo su ba shi shaida.

Ruwa ya sauka ranar Talata, Laraba da hantsi ga Auta da jakarta. A ƙarƙashin bishiyar da ke bakin gonar Dogo ta shimfiɗa buhu. Ta jiƙa sukari a ruwa ta yayyafa wa irin masara don garin ya manne.

"To Likita," in ji Dogo yana dogare da fartanya, "ina mutanen naki? In yi musu sannu da zuwa."

"Suna ganinka, Baba Dogo. Kai ne ba ka ganinsu."

"Har da shayi ake ba su? Ni shekara sittin ina noma gonar nan ba wanda ya taɓa jiƙa mini sukari."

"In suka yi aiki zan jiƙa maka."

"In ba su yi ba fa?"

"Sai kai ka jiƙa mini."

Ta kwance ledar. Ta ɗiba ta murza, ta kai hanci. Ta sake sansanawa.

"Ƙanshin kamar ya canja," ta ce.

Na kafa ido a kan wata tururuwa da ke hawa ƙafar Dogo.

"Ko hancina ne. Mura nake yi." Ta ɗago ta dube ni. "Laimar dai tana nan daidai. Baba, na gode. Na ɗauka za ka manta da su."

Ta hana a fitar da irin daga inuwa sai ɗan wanda za a shuka nan take, shi ma a rufe cikin ƙwarya. Ta raba gonar gida goma sha biyu da turaku: shida masu jan ƙyalle, su ne masu gari, shida masu farin ƙyalle, su babu komai. Ni na riƙe mata igiyar awo. Duk ramin da aka jefa baƙin iri aka take, sai in ji kamar gawa muke rufewa, ni kaɗai na san ta mutu.

Da ta tafi na kasa zama. Ina so in sani. Sai na tuna da gwangwanin ƙarƙashin randa, wanda bai taɓa ganin rana ba. Akwai wani ɗan fili a bayan ɗakina, tsakanin bango da shinge, tudu ne, ko ruwan wanke-wanke ba ya zuwa wajen. Na kwaikwayi abin da na ga ta yi, har da sukarin. Layi ɗaya, ƙwaya goma, da garin gwangwani. Layi na biyu, ƙwaya goma, da ragowar garin da na kakkaɓo daga ledar. Na ce in suka tashi daidai, to ban kashe kowa ba.

Sati biyar komai ya tafi lafiya. Masara ta kai gwiwa, ta wuce. Har na fara samun barci. Sai ruwa ya ɗauke.

Sati na farko ba wanda ya damu. A na biyu mutane suka fara fita ƙofar gida suna duban gabas. Hadari yakan taso ya yi baƙi, ya yi ta gunaguni kamar zai yi abin kirki, iska ta zo ta kwashe shi. A na uku ganyen masara ya nannaɗe ya zama kamar na albasa. Na kan je gonar Dogo kullum da safe in bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya. Jan ƙyalle, farin ƙyalle, duk ɗaya. Duk sun sunkuyar da kai, duk sun yi launin toka.

Sai in dawo gida in zaga bayan ɗaki.

Layi na biyu ya yi kamar gonar Dogo. Layin gwangwani kuwa da tsakar rana yakan ɗan nannaɗe, amma kafin magariba ya ware, da safe ka same shi kore shar, kamar ba a garin ake farin ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau da na ƙi jinin gani kamarsa ba. Masara goma a tsaye, kowacce tana nuna ni da ganye. Wata safiya har na ɗauko lauje. Na tsaya a kansu na daɗe, na kasa. Sai na jawo fallen kwanon nan, shi ɗin dai, na tare hanyar da shi.

Auta tana zuwa duk Asabar da littafinta da abin awo. Tana auna tsawo, tana ƙirga ganye, tana tono saiwa ta wanke ta duba. Sati na farko tana waƙa. Sati na uku na farin ta zauna a kan kunya ta ajiye littafin a ƙasa. Dogo da ya zo da tsokana a bakinsa, da ya ga fuskarta sai ya haɗiye.

"Likita, kar ki damu," ya ce. "Ƙila mutanen naki 'yan birni ne, ba su saba da wahala ba."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Da ya wuce ta ce, "Baba, shekara uku. A tukunya sun yi, na gani da idona. Ƙila abin da nake so in gani ne na gani. Ƙila ni ce ban iya ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kin san hawainiya tana iya duban gaba da baya a lokaci ɗaya?"

Ta dube ni, ta ɗauki littafinta. "Na sani, Baba. Kai ka nuna mini."

Kwana ashirin da shida ruwan ya yi bai dawo ba. Da ya dawo ya tarar da masarar Dogo ta riga ta tsuke, ta fitar da fure tun ba ta kai ƙirji ba.

Inna ce ta kama ni. Mace da kuka shekara arba'in da biyar tare ba ta bukatar gilashi mai ƙara girman abu. Na shigo daga gona na same ta ta kawar da kwanon tana tsaye riƙe da ƙugu.

"Malam, tunda nake ban taɓa ganin manomin da ke ɓoye masararsa don ta yi kyau ba. Ruwa kake ba ta a ɓoye?"

"Ko ɗigo."

"To me ka binne?"

Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, tun daga zanzaro. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Shanyawar na san halinka ce, ba ta ba ni mamaki ba. Amma yayyafin ruwan nan, Malam, wannan ba kai na sani ba." Ta miƙo mini wayarta. "Kira ta."

"Ba maganar waya ba ce. Bari ta zo."

"Ta ce sai nan da sati biyu, ranar cire turaku."

"To sati biyun. Irin wannan magana ido da ido ake yinta."

"Ido da ido," in ji Inna. "Sau nawa ka ga idon nata?"

Na ce ta bar ni in faɗa da bakina, kada ta riga ni. Ta yi alkawari, ta kuma cika, abin da har yau take cewa da ma ba ta cika ba. Ni kuwa na san ba girman maganar ne ya hana ni kira ba. Sati biyu na ƙara samu na zama uban da aka ce wa na gode.

Ranar cire turaku ta iso da hantsi, ba jaka, ba littafi. Ta rame. Ta gaishe mu ta sha ruwa, ta ce za ta je ta ba Baba Dogo haƙuri ta kwashe turakunta.

"Auta," na ce, "zo ki ga wani abu."

"Baba, yau ba na jin kallon ƙwan kaza."

"Zo dai."

Na kawar da kwanon. Ta tsaya cak. Layin gwangwani ya fi ni tsawo, kowacce da goyonta, gemun ya fara ja. Kusa da shi layi na biyu yana iya ƙugu, rabinsa kara ne kawai. Ta bi su da ido daga farko zuwa ƙarshe, ta dawo. Ta durƙusa ta tura yatsa a ƙasa.

"Wane taki ka sa?"

"Mutanenki ne."

Na gaya mata. Ban tsallake komai ba: gilashin, gwangwanin, kwanon, yini biyun, ɗan katakon juyawa, wayar Inna, yayyafin ruwa. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama na jira ta yi ihu. Da ta yi ihu da na samu sauƙi.

"Yaushe ka tabbatar?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Sati na uku na farin."

"Ranar da na zauna a kan kunya."

"Ranar."

"Ranar hawainiya."

Na gyaɗa kai.

Ta miƙe ta kaɗe gwiwa. "Rahoto ya tafi tun makon jiya. Na rubuta da hannuna cewa ba bambanci. Ranar Laraba aka ce in ba da gurbin firji. Ni na ɗauko kwalaben, Baba, goma sha ɗaya, na jera su a tukunyar da muke dafa abin da za a zubar, na rufe, na kunna. Laraban nan da ta wuce. Kwana uku ke nan."

Inna da ke tsaye a bakin bango ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ni kuwa na ƙirga a zuciyata: da na karɓi wayar nan ranar da ta miƙo mini, da saura kwana goma sha ɗaya.

"Ki yafe mini," na ce.

"Ba yanzu ba, Baba. Ba wai na ƙi ba ne. Ba yanzu ba."

Ta sake juyawa wajen masarar. Ta kama ganye ɗaya ta shafa shi tun daga gindi har baki. Na ga wani abu ya dawo fuskarta wanda rabona da shi tun ranar shuka.

"Ashe sun yi," ta ce, ba da ni take ba. "Ashe ba idona ba ne."

"Sai ki nuna wa Farfesa."

"Layi biyu a bayan ɗakin babana? Dariya zai yi. Wannan ba hujja ba ce, ni kaɗai ta isa." Ta ƙirga da yatsu. "Iri uku ne a garin nan. In suna raye, suna jikin saiwoyin nan. Zan iya raba su in sake rainonsu, in an bar ni na taɓa kayan aiki bayan an tashi. Sauran takwas kuwa sun tafi. Ɗaya a gindin wani dutse na samo shi, tafiyar kwana biyu, yanzu an fasa dutsen an yi titi." Ta numfasa. "Kuma sai na rubuta wa Farfesa cewa garin da aka shuka matacce ne, da yadda aka yi ya mutu."

"Ki rubuta. Ki sa sunana."

"Sunana zan sa. Ni na bar shi ban duba ba. Hancina ya gaya mini, na ce mura ce."

Wannan ya fi zagi zafi.

Ta ce wa Inna ta kawo wuƙa, da leda mai tsabta, da tsumma a jiƙe. Ta zaɓi masara uku daga tsakiyar layi. Ta durƙusa ta fara tona a hankali, nesa da gindi, da yatsu fiye da wuƙar. Saiwar ta yi zurfin da sai da hannunta ya shige har gwiwar hannu. Da ta fara bayyana na ga gashinta cunkus, ƙasa ta manne mata dunƙule-dunƙule, ba ta zuba ko an girgiza. Na matso in gani da kyau, har hannuna ya tafi aljihu wajen gilashi. Na dawo da shi.

Rana ta riga ta hau, bangon ya daina ba da inuwa. Haske ya fara sauka cikin ramin. Auta ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi saiwar, sannan ta dube ni.

"Baba, tsaya nan. A'a, nan, ta gabas. Buɗe rigarka."

Na tsaya inda ta nuna. Na kama gefen rigata biyu na ware hannuwa, inuwata ta faɗa a kan ramin ta rufe shi.

"Kar ka motsa sai na ce."

"To."

"Me na ce?"

"Kin ce kar in motsa sai kin ce."

Ta ci gaba da tona. Rana tana dukan ƙeyata, gumi yana bin bayana, kafaɗuna sun fara zogi. Wani abu mai fiffike ya wuce ta gefen kunnena yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Ban waiwaya ba.